Barcin da Na Hana Baba

Shekara biyu na yi ina yaƙi da barcin mahaifina. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan maganar da bakina ba, har yayana da muke ciki ɗaya, don duk sanda na ɗauko ta sai in ji fuskata ta ɗau zafi. Mutanen layinmu a unguwar Barkin Sale ta Minna har yau yaba mini suke yi, wai ni ce 'yar da ta riƙe tsohonta hannu bibbiyu har Allah ya karɓi abinsa. In na ji haka sai in ce musu Allah ya ba mu lada baki ɗaya, in yi maza in shige gida.

Ni tela ce. Da mijina ya rasu na kwaso keken ɗinkina na dawo gidanmu, na kafa shi a zaure. Lokacin Inna ta riga mu gidan gaskiya, yayana kuma aiki ya kai shi Kaduna, gidan ya rage daga ni sai Baba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka tun ina goye bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na ɗauki sunan da gaske. Ina da faɗa, wannan duk layin an sani, kuma in na sa abu a gaba ba mai iya juya ni.

Baba mai gyaran famfo ne. Kakanmu jirgin ƙasa ya biyo ya zo Minna, ya so Baba ya gaje shi a aikin reluwe, shi kuwa ya ce ruwa yake so. Duk gidan da ruwan madatsar Tagwai ya ƙi zuwa a unguwarmu, shi ake aiko wa. Na sha ganinsa ya durƙusa ya kara kunne a jikin bututu, ya ɗan ƙwanƙwasa da sifana, ya ce a tona nan. A tona kuma a tarar da toshewar a daidai wurin. Mutum ne mai kaifin kai, hanyar kowane bututu na unguwar tana cikin kansa ba tare da wata takarda ba.

A gidanmu akwai doka guda da Inna ba ta wasa da ita: ba a barci bayan la'asar. Haka muka taso muka ji, wai barci tsakanin la'asar da magariba yana taɓa hankali. In ta kama ɗayanmu ya ɓingire a lokacin, kunne take kamawa ta ɗago shi zaune. Akwai wani mai taɓin hankali da yake yawo da tsummokara a bakin tasha, duk sanda muka wuce shi sai ta zungure ni ta ce, "Kin gani ko? Barcin la'asar ne ya mai da shi haka." Ban taɓa tambayarta inda ta samo labarin ba, ita ma na tabbata ba ta tambayi tata uwar ba. Na yarda da maganar kamar yadda na yarda wuta tana ƙuna.

Da Baba ya haura saba'in ya ajiye aiki, ya koma zaman rumfa a tsakar gida, a kan wata kujerar katako mai jingina da ya haɗa da hannunsa. Daga inda nake ɗinki ina hango shi ta ƙofar zaure. Sai na lura in ya dawo daga sallar la'asar ya zauna, ba a jimawa kansa yake faɗawa kan ƙirji, hula ta zame, carbi ya sulale ƙasa. Da farko dariya abin yake ba ni. Sai kuma mantuwa ta fara. Ya tambaye ni ko na ci abinci, in ce na ci, kafin in gama kafa hannun riga ya sake tambaya. Ya ajiye makullin ɗakinsa a cikin randa. Rannan ya fita sayen sabulu a bakin titi, hanyar da ya yi shekara hamsin yana bi, sai wani ɗan acaɓa ne ya dawo mini da shi, ya ce ya gan shi tsaye yana ta waige-waige, ya rasa wace kwana ce tamu.

A ranar na ce a raina, to ga shi nan, abin da Inna take faɗa ya tabbata. Barcin nan ne yake cinye masa kai ina zaune ina kallo. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don ban ga yadda zan yi da raina ba in Baba ya koma kamar mutumin bakin tasha. Na yi wa kaina alkawari in dai ina numfashi ba zai ƙara runtsawa bayan la'asar ba.

Da lallami na fara. In na ga kansa ya fara rinjaya sai in ɗaga murya daga zaure, "Baba, yau wa ya ja sallar?" Ya farka firgigit ya ba ni amsa, ya koma. Na kunna masa rediyo na ƙure murya, ya yi barcinsa a tsakiyar labaran duniya. Sai na koma ga goro. Baba ba mai cin goro ba ne, haƙoran ma sun yi ƙaranci, don haka na sayo magogi irin na gwangwani mai ƙananan huji, kullum in goge masa farin goro guda cur a faranti. In haɗa masa da shayi baƙi ƙirin, wanda nake barin ganyen ya daɗe a kan wuta har ya yi ɗaci. Yana dawowa daga masallaci zan miƙa masa, ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Uwata, Allah ya yi miki albarka." Kai, wannan addu'ar ita ce ta fi ci mini rai yanzu.

Goron ya yi aiki na wani lokaci, har na fara jin kaina wata gwana. Amma mantuwar ba ta ragu ba, ƙaruwa ma take yi, kuma bayan 'yan watanni barcin ya dawo ya fi ƙarfin goro. Ni a haukata sai na ɗauka ban matsa ba ne sosai. Na riƙa sakin murfin tukunya a kan siminti kamar kuskure, ya zabura yana salati, in ce, "Au, sannu Baba, suɓuce mini ya yi." Da murfin ma ya daina tashinsa sai na koma ga ruwa. In tsoma yatsu a buta in yarfa masa a fuska.

Akwai wata rana da ba zan manta ba. Ana saura 'yan kwanaki Sallah, ga zafin nan na Minna mai sa mutum ya ji kamar ya tuɓe fatarsa, ga babu wuta. Zaure cike da mata masu jiran ɗinki, kowa tana cewa nata ne na gaggawa. Sai munsharin Baba ya taso daga rumfa. Na leƙa, ga shi baki buɗe, yawu ya gangaro kan riga. Wata daga cikin matan ta toshe baki tana ƙyalƙyala dariya ta ce, "Ah ah, tsohon naki barcin la'asar yake yi, kina kallo?" Wallahi ban san sanda na tashi ba. Wannan karon ba yatsu na tsoma ba, tafin hannu na cika na watsa masa.

"Haba Baba! Sai ka haukace gaba ɗaya tukuna hankalinka zai kwanta? Kullum magana ɗaya, kullum magana ɗaya, kamar ƙaramin yaro!"

Ya zabura, ruwa yana ɗiga daga gemunsa, yana laluben hularsa a ƙasa. Bai kalle ni ba. Ya ce, "Uwata, ki yi haƙuri. Ba barci na yi ba, idona kawai na rufe."

Matan zauren suka kau da ido. Wadda ta yi dariyar ma ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta. Tausayinsa ya kama ni, ba zan yi ƙarya ba, amma na danne shi. Na ce wa kaina ai don shi nake yi, wata 'yar ma ba za ta kula ba. Na koma kan keke na ci gaba da taka shi da ƙarfi.

Bayan Sallah da kamar wata biyu, wata safiya ina miƙa masa koko sai kofin ya suɓuce daga hannunsa. Ya buɗe baki zai yi magana, kalmomin suka fito a dunƙule, gefen bakinsa guda ya ɗan ja. Kafin in gama kururuwa in nemo abin hawa har ya fara dawowa daidai, yana cewa ba komai, jiri ne. Ban saurare shi ba, na tasa shi gaba sai asibiti. Aka gwada shi aka ce jininsa ya hau sosai, aka tura mu muka yi hoton kai, aka ce mu dawo da shi mu ga likita.

Likitar mace ce, 'yar Bida, ba za ta girme ni ba, tana magana a hankali da ɗan nauyin Nufanci a harshenta. Ta yi tambayoyi da yawa: abin da yake ci, yaushe mantuwar ta fara, ko ya taɓa faɗuwa. Sannan ta ce, "Yaya barcinsa?"

Ni kuwa na gyara zama. A nan ne nake jiran a yaba mini. Na ce, "Ai likita, wannan na yi maganinsa. Da yana barcin la'asar, shi ne ma ya jawo mantuwar, amma na tsaya tsayin daka na hana. Kullum da yamma sai na ba shi goro da shayi mai kauri." Har murfin tukunyar na faɗa mata ina dariya. Ruwan ne kawai ban faɗa ba.

Ta ajiye biron da ke hannunta. Ta juya wajensa ta ce, "Baba, da dare fa, kana samun barci?"

Ranar kansa a sake yake, kamar ba shi ne mai sa makulli a randa ba. Ya ce, "Dare ai ba nawa ba ne, 'yata. In na kwanta bayan isha'i, in na yi sa'a in ɗan runtsa, sai fitsari ya tashe ni. Daga nan kuma ido biyu har a kira asuba."

Ta ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Da ina ɗan samu kaɗan-kaɗan. Da goron ya zo sai ya tafi gaba ɗaya. Na la'asar ɗin nan shi ne mai daɗin, shi ne yake zuwa da nauyi."

Na ce, "Baba! Me ya sa ba ka taɓa faɗa mini ba?"

Ya ce, "To Uwata, kina wuni kan keke, in kin kwanta ko motsi ba kya yi. Goron kuma ai don ni kike wahalar goga shi."

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nasa. Shekara biyu ina sheƙa barcina kamar gawa, tsoho yana kwance ido biyu, in gari ya waye kuma ɗan abin da jikinsa ya samu zai rama da shi in bi shi da ruwan buta. Da ƙasa za ta tsage a ofishin nan da na shige.

Likitar ta ɗaga hoton ta kara shi a jikin haske, ta nuna mana wasu ƙananan ɗige-ɗige farare a warwatse. Ta ce jijiyoyin jinin da ke cikin ƙwaƙwalwa ba manya kaɗai ba ne. Akwai ƙanana da suka fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, har ƙwayoyin jini layi suke yi ɗaya bayan ɗaya kafin su wuce ta cikinsu, kuma su ne suke kai wa kowane lungu na ƙwaƙwalwa abinci da iska. In mutum ya tsufa, balle in ga hawan jini, sai bangonsu ya yi tauri, wasu su ƙuntata, wani lokaci jinin ya tsaya cak a wata kafin ya samu ya wuce. Lungun da aka daɗe ba a kai masa ba sai ya lalace, shi ne ɗige-ɗigen nan. Ta ce a cikin barci mai nauyi ne jini yake sauka, jijiyoyin su ɗan sarara, ƙwaƙwalwa ta samu ta fitar da dattin da ta tara a wuni. Tsoho dama barcinsa mai nauyi yakan ragu, don haka ɗan abin da ya samu ba abin wasa ba ne.

Baba yana ta gyaɗa kai. Can ya ce, "Wato 'yan rabin inci ke nan. Ai babban bututu ba ya toshewa, ƙananan ne masu shiga gidaje. Kuma gidan ƙarshen layi shi yake fara rasa ruwa."

Ta yi murmushi ta ce, "Baba, ka fi ni iya bayanin."

Su biyu suka yi dariya. Ni ban iya ba. Na bari sai da ma'aikaciyar jinya ta fita da shi za a ba shi magani, sannan na matso na ce, "Likita, don Allah ki faɗa mini gaskiya. Ni na jawo masa?"

Ta ce, "Hajiya, shekaru ne da hawan jini suka yi yawancin aikin nan, kuma sun fara tun kafin ki lura. Barcin la'asar bai jawo masa mantuwa ba. Rashin barcin kuma bai taimake shi ba, wannan ba zan ɓoye miki ba, amma ba wanda zai iya auna miki ko nawa ne nasa a ciki. Ki daina goro da shayin yamma. In zai samu ya kwanta bayan azahar ya fi, don kada ya ɓata na dare. In kuma sai la'asar yake zuwa masa, ki bar shi ya yi abinsa."

Na so a ce ta zage ni. Da ta ɗaga murya ta ce mini muguwa, da na samu abin da zan yi faɗa da shi, don faɗa shi na iya. Amma ta faɗa mini a hankali, ta miƙo mini takardar magani, ta ce Allah ya ƙara sauƙi.

A satin na tari limamin masallacinmu a ƙofar gida, na tambaye shi zancen barcin la'asar. Ya ce shi dai bai san wata hujja mai ƙarfi da ta hana ba, balle ga dattijo marar lafiya. Tambayar ba ta ɗauke mu minti biyu ba, ga shi mutumin kullum sai ya wuce ta ƙofarmu sau biyar.

Na jefar da magogin goron a bola. Na sayo sabuwar tabarma da matashi mai laushi na shimfiɗa a rumfa. Na gaya wa masu kawo ɗinki duk mai son ganina ta zo da safe, bayan la'asar zaure a rufe yake, wadda ta ji haushi ta kai wani wurin. Keken ma na daina taka shi a lokacin, sai aikin hannu, sa maɓalli da kalmasa. Yaran layi in suka taso da ƙwallo ni ce mai fita in kore su, yanzu faɗan nawa ya koma kansu. Na ce masa, "Baba, likita ta ce ka riƙa barcinka, ko yaushe ya zo." Ya ce to. Na ce, "Ka yafe mini, Baba." Ya ce, "Me kika yi mini, Uwata?" Kuma har ga Allah da gaske yake tambaya.

Barcin dare ya ɗan gyaru da aka daina goron, jinin ma ya sauka da magani. Amma abin da ya lalace bai dawo ba. A hankali ya manta likitar, ya manta an taɓa zuwa asibiti. Ya manta sunayen kayan aikinsa, ya ɗauki sifana yana jujjuya ta yana tambayata ta mece ce. Da yayana ya zo daga Kaduna, Baba ya tashi ya ba shi kujera, ya gaishe shi da ladabi, ya tambaye shi ɗan gidan wane ne. Yayana ya fita waje ya yi kuka. Ni kaɗai ce bai manta ba, kullum Uwata, Uwata. Na riƙa jin daɗin haka, ina cewa ko ba komai ni na zauna masa a rai.

Wata la'asar, bayan tafiyar yayana, ina zaure ina sa maɓalli sai na ji munshari daga rumfa. Na ajiye allura na yi hamdala. Na leƙa, ga shi a kan tabarma, ya yi barci mai nauyi irin wanda na daɗe ban ga ya yi ba, hannu ɗaya a ƙarƙashin kunci. Sai dai rana ta karkato ta gefen rumfar tana dukan ƙafafunsa, ga ƙudaje. Na cire takalmina, na ɗauki wani zani, na taka a hankali don in rataya masa ya tare ranar. Ko numfashi mai ƙarfi ban yi ba.

Inuwata ce kawai ta faɗa kan fuskarsa. Ya zabura ya tashi zaune, ya ɗaga hannu ya kare fuska, ya sunkuyar da kai.

"Uwata, kar ki zuba. Ba barci na yi ba, wallahi idona kawai na rufe."

Na durƙusa a gabansa na buɗe masa tafin hannuwana. Na ce, "Baba, duba, babu ruwa. Babu komai. Kwanta ka yi barcinka, don Allah ka kwanta."

Ya ce, "To, Uwata."

Bai kwanta ba. Ya lalubo hularsa ya sa, ya jingina da ginshiƙin rumfar, ya ɗora hannuwa a kan gwiwa. Idanunsa sun yi ja, fatar idon tana saukowa yana ɗaga ta, yana satar kallona don in ga a farke yake. Na zauna a gefensa da zanin a hannu. Haka muka zauna har aka kira magariba.